Facin nikotin yana aiki, amma a lura da hanta

Facin nikotin da ake mannawa a fata don daina shan sigari, irin su Nicopatch, ƙarfinsa uku ne: miligiram 21, 14 da 7 a awa 24. Mai shan sigari kara 20 ko fiye a rana da na 21 zai fara, ya yi mako uku zuwa huɗu, ya sauko 14, ya ƙare da 7. Da safe ake manna shi a busasshiyar fata marar gashi, dantse ko ƙirji, a danne da tafin hannu, gobe a sauya wuri don kada fata ta yi ja. Wajen kwantar da kwaɗayin sigari, ya ci kuɗinsa. Zafin Yamai ne abokin gabarsa: a Afrilu da Mayu gumi na ɓamɓare shi, kuma ba ya son ajiya a wurin da ya wuce digiri 25, don haka kada a bar kwalin cikin mota.

Akwai abin da facin ba ya maye gurbinsa, kuma nan ne ake samun matsala. A hanta akwai wani sinadari mai narkar da magunguna, likitoci na kiransa CYP1A2. Ƙonannun sinadaran da ke cikin hayaƙi ne ke sa hanta ta yawaita shi, nikotin ba ruwansa da wannan. Saboda haka jikin mashayin sigari yana saurin zubar da wasu magunguna, har likita ya ƙara masa adadi. Kara bakwai zuwa goma sha biyu a rana sun isa su kai hanta ƙololuwar wannan aiki. Ranar da aka daina hayaƙi, ko da faci a jiki, sinadarin zai fara raguwa, cikin kamar mako guda ya koma yadda yake ga wanda ba ya sha. Adadin maganin yana nan yadda yake, amma yanzu taruwa yake yi a jini.

Masu shan theophylline na asma su ne a gaba. Amai, bugun zuciya da rawar jiki alamun ya yi yawa ne, kuma sau da yawa sai an rage kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku. Sai clozapine da olanzapine na taɓin hankali: barci mai nauyi, jiri, dalalar yawu, clozapine har farfaɗiya yana kawowa. In mutum ya koma sigari bayan an rage masa, maganin zai gaza, ciwo ya dawo.

Sinadarin caffeine mai hana barci da ke cikin shayi da goro ma ta wannan hanya yake bi. Wanda ya bar sigari yakan ƙara goro, ya zauna a fada ya sha shayi har zagaye na uku, ga Nescafé da safe. Barci ya ƙaurace, zuciya na dukan uku-uku, sai ya ɗora wa faci laifi ya cire shi. A rage shayi da goro da rabi tun makon farko.

Facin ya dace da wanda ya ƙudura dainawa. Mai shan ɗaya daga cikin waɗannan magunguna ya tafi farmasi da takardar maganinsa, ya gaya wa likitansa ranar da zai ajiye sigari tun kafin ta zo, kuma kada ya rage ƙwaya da kansa.