Kuɗin ciyar da yara bayan rabuwar aure: yadda ake yi a Ingila

Yaya, kin tambaye ni ko a nan Ingila ma sai mace ta yi ta zaryar kotu kafin tsohon mijinta ya ba da na ciyar da yara. Yawanci maganar ba ta ma kaiwa gaban alƙali. Wata hukumar gwamnati ce, Child Maintenance Service, take lissafin, kuma ba bakin mutum take bi ba, wajen masu haraji take ɗauko abin da yake samu.

Daga samun uba na mako, kafin a cire haraji, ɗa ɗaya kashi 12 cikin ɗari ne, biyu kashi 16, uku zuwa sama kashi 19. Haka yake har fam 800 a mako, abin da ya ɗoru a kai kuma ana sassauta masa. Mai samun fam 500 da yara biyu, fam 80 ke nan duk mako. Ko wanda yake zaune kan tallafin gwamnati sai ya ba da fam 7. Kuma kowace shekara ana sake duba lissafin. Wannan ne ya fi burge ni, don a gida alƙali kan yanke kuɗi gwargwadon halin mutum, hauhawar farashi ta cinye, sai in uwar ta sake kai ƙara.

Albashin uwa ba ya shiga lissafi ko da ta fi shi samu, abin da ke ƙona wa maza rai. Amma in yaran suna hannun uba, ita za ta biya.

Inda rigima take shi ne kwana. In yara suka kwana 52 a shekara wajen uba, a rage masa kashi ɗaya cikin bakwai. 104, kashi biyu. Sai ki ga iyaye suna ƙirga kwanan yaro kamar rabon girki, wani ba don kewa ba.

Wanda ya yi taurin kai, daga albashinsa za a cire, a ɗora masa ladan kashi 20, uwar ma a zabge mata kashi 4. In ya ƙi ji, kotu na iya karɓe masa lasisin tuƙi ko fasfo. Sai dai duk wannan ya fi kama mai albashi. Mai sana'ar kansa da ke karɓar kuɗi a hannu, ya nuna wa masu haraji kaɗan, a nan ma uwa sai ta yi da gaske kafin a binciko shi.