Kwamitin Majalisa ko CHRAJ: ina za a kai kukan 'yan sanda da gidan yari?

A ce an tsare wani yaro ɗan unguwar Asawase a Kumasi ya wuce awa 48 da tsarin mulkin Ghana na 1992 ya ƙayyade, ba a kai shi gaban alƙali ba. Ƙofa biyu ake yawan ambata wa iyayensa: kwamitin Majalisa da CHRAJ, hukumar kare haƙƙin ɗan Adam.

Ta farko ita ce Majalisar Dokoki a Akara, ta hannun ɗan majalisar mazaɓa, zuwa kwamitin tsaro da harkokin cikin gida. Sashe na 103 na tsarin mulkin ya ba kwamitocin Majalisa ikon Babbar Kotu wajen kiran shaidu da neman takardu, don haka minista ko Sufeto Janar na 'yan sanda ba shi da hurumin ƙin amsa kira. Kwamitocin ne kuma ke tantance kasafin kuɗin 'yan sanda da gidajen yari. Batu kamar cunkoson gidan yarin Nsawam, ko sidi 1.80 da aka yi shekaru ana ware wa abincin fursuna a rana, nan ne muhallinsa. Sai dai siyasa ba ta barin wurin, rahoto kan ƙare a shawara, kuma kukan mutum ɗaya yakan nutse.

Ta biyu kuwa, wato CHRAJ da aka kafa a 1993, tana da ofis a Kumasi. Kyauta ake shigar da ƙorafi, ko da baki ne, kuma in an yi biris da hukuncinta tana iya garzayawa kotu. Ba ta taɓa maganar da ke gaban alƙali, tana kuma da jan ƙafa. Duk da haka, a batun yaron nan, ni can zan tura mahaifinsa da sassafe.