Wane Faifan The Ex Ya Kamata Ka Fara Saya?

Ƙungiyar The Ex ta kafu a ƙasar Holan a 1979, kuma kiɗanta ya sauya salo sau da dama tun daga lokacin, ta yadda mai saye a Abuja da ya zaɓi faifai bisa sunan ƙungiyar kawai zai iya samun abin da bai yi tsammani ba. Tun da kuɗin waje ake biya, ya kamata a san bambancin kafin a taɓa aljihu.

Faifansu na farko, Disturbing Domestic Peace na 1980, tsantsar kiɗan punk ne, wato wani salon kiɗan Turawa mai sauri da hayaniya: gajerun waƙoƙi masu zafin siyasa, jita mai kaushi, da muryar G.W. Sok wanda ya fi kusa da mai jawabi a dandali fiye da mai rera waƙa. Yana da daraja ga mai bin tarihi, amma ba na ba da shawarar a fara da shi.

A 1991 suka fitar da Scrabbling at the Lock tare da Tom Cora, Ba'amurke mai kaɗa selo, wato babban gogen nan na Turawa da ake jinginawa a ƙasa. A nan kiɗan ya buɗe, domin gogen yakan ja dogon amo mai taushi yayin da gangunan Katherina Bornefeld suke zagaya shi da bugu mai maimaituwa, jitocin kuma suna shiga suna fita. Wanda yake son ya ji lokacin da ƙungiyar ta bar tsohon salonta, wannan ne nasa. Starters Alternators na 1998, wanda Ba'amurke masanin naɗar sauti Steve Albini ya naɗa, ya fi shi ƙarfi da tsabtar sauti, sai dai yana buƙatar lasifika mai kyau.

A ganina, wanda ya fi dacewa da kunnen Bahaushe shi ne Moa Anbessa na 2006, aikin haɗin gwiwa da Getatchew Mekuria, dattijon mai busa saksofon daga Habasha. Shi wannan bawan Allah ya yi suna ne wajen ɗauko shellela, kirarin yaƙi na mutanensu, ya mayar da shi busa, kuma duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da mai algaita a hawan salla zai gane yadda numfashi ɗaya yake hawa yana karkarwa kafin ya sauka. Ƙungiyar ta tsaya a bayansa tana riƙe masa kiɗa cikin girmamawa, abin da yake burge ni ƙwarai. Sun sake haɗuwa a Y'Anbessaw Tezeta na 2012, kafin rasuwarsa a 2016. Mai son jin su bayan Arnold de Boer ya gaji Sok a waƙa sai ya nemi 27 Passports na 2018.

Game da yadda za a saya, babban faifan garmaho yana da kyan gani, amma kuɗin aikowa daga Turai yana da nauyi, kuma zafin Abuja a watan Maris yana iya lanƙwasa shi idan aka manta da shi a mota. Faifan CD ya fi sauƙin ajiya. Mafi arha shi ne saukewa ta intanet daga Bandcamp, shafin sayar da waƙoƙi, inda ake iya saurare kafin a biya, in dai an tabbatar katin banki yana biyan kuɗin waje.