Montalbano ko Brunetti?

Tun da aka ga ina karanta littattafan 'yan sandan Italiya ake ta tambayata da wanne za a fara tsakanin Montalbano da Brunetti, 'yan sanda biyu na cikin littattafan.

Montalbano na marubuci Andrea Camilleri ne, ya fito a 1994. Ɗan tsibirin Sisili na Italiya ne mai saurin fushi, in an ajiye masa kifi kuwa ba ya magana sai ya cinye. Sai dai fassara muke karantawa, gishirin yaren Sisili yakan zube a hanya. Brunetti kuwa da Turanci Donna Leon ta rubuta shi tun 1992. Magidanci ne a birnin Venis na Italiya, mai sanyin hali, kuma in mai laifin babba ne, sau da yawa yakan sha.

Mai son dariya da hayaniya, Montalbano ne nasa. Mai haƙurin bin labari sannu a hankali ya nemi Brunetti.