Mai shayin bayan Wunti: haɗin kauri da musun siyasa

Abokai sun dame ni da tambayar abin da ke kai ni teburin wani mai shayi a bayan kasuwar Wunti da ke Bauchi bayan Isha'i, alhali ga masu shayi a bakin layinmu. To ga amsa, daɗin da rashin daɗin duka.

Shayin dai ba laifi. Ruwan kan dahu da citta da kanumfari a kan gawayi, ba tsoma ganyen Lipton a ruwan ɗumi ba. Idan ka ce haɗin kauri, kaurin za ka gani, don ba ya ƙwauron madara, kuma sai ya sheƙa shi tsakanin kofi biyu har ya yi kumfa ya huce daidai baki. Wainar ƙwansa mai yana mata yawa, na faɗa masa, dariya kawai ya yi. Burodi sai sa'a. Indomie kuwa kar ka saka rai in kana sauri, kasko ɗaya gare shi. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 komai ya yi tsada, amma shi yakan faɗa maka kuɗin kafin ya haɗa.

Abin da ke riƙe ni bencin ne. Akwai wani tsohon direba da bai taɓa barin PDP ba tun 1999, kusa da shi tela ɗan a-mutun APC, sai ɗaliban Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa (ATBU) da ke cewa duk kanwar ja ce. Rediyo na rataye a jikin turken rumfa, ƙarƙashin wata 'yar tuta da rana ta cinye korenta. Da BBC ta gama labaran dare sai wuri ya kaure. Ba wanda ake ragawa, daga shugaban ƙasa har kansila.

Dokar mai shayin biyu ce: ba zagin iyaye, ba tsine wa ƙasa. Na ga ranar da ta yi aiki. Wani matashi da ya gama bautar ƙasa bai samu aiki ba ya buga kofi a tebur, ya ce Allah ya tsine wa Najeriya. Mai shayin bai ɗaga murya ba, yana fasa ƙwai ya ce, "Ƙanena, wanda ya cuce ka kira sunansa, ba mai kama ka a nan. Amma ƙasar nan kakanka na kwance cikinta." Direban da telan, da ba su taɓa yarda da juna kan komai ba, suka haɗa baki suka ce, "Gaskiya ne." Telan ne ma ya biya wa yaron shayin.

Wannan hali ba baƙo ba ne a Bauchi. A shekarun 1940 a garin nan Sa'adu Zungur da Malam Aminu Kano da Abubakar Tafawa Ɓalewa suke zaman muhawara tare. Daga baya hanya ta rabu, biyun farko suka bi jam'iyyar NEPU, Ɓalewa ya bi NPC har ya zama Firayim Minista, amma ba wanda zai ce ɗayansu bai so ƙasar nan ba.

Yaran ATBU gani suke surutun nan ba komai ba ne. Ni ina da wayo a 1984 lokacin da Doka ta 4, dokar soja mai takura wa 'yan jarida, ta kai Tunde Thompson da Nduka Irabor na jaridar Guardian kurkuku, na kuma ga zamanin Abacha da mutum ke waiwaye kafin ya buɗe baki a majalisa. Ban ce an gama gyara ba, har yau ana kama matasa kan rubutun Facebook, kuma abin kunya ne. Amma a 2019 mutanen jihar nan da ƙuri'a suka sauke gwamna mai ci, ba a harba bindigar juyin mulki ba. Wani ɗan Damagaram mai fataucin dabbobi da yakan zauna da mu ya tuna mana cewa a Disambar 2024 sojojin Nijar sun dakatar da BBC ɗin da muke saurare har wata uku. Direban ya yi shiru, abin da ba ya yi.

In za ka je, ka zo da canji a hannu, ba POS, kuma ka sa doguwar riga don sauron wurin ba ya tausayi. Wuri kan cika wajen takwas da rabi. Mai saurin fushi ya zauna bencin ƙarshe kusa da buta, don telan ba ya barin baƙo ya tashi bai faɗi jam'iyyarsa ba.