Kunzugun Yadi ko Pampers a Zafin Marwa

Jaririn da bai kai wata ba yakan ɓata kunzugu sau 8 zuwa 10 a rana. Da Pampers, kowane canji sefa ce ta tafi, kuma a shara take ƙarewa. Ki leƙa Mayo Kaliao, kogin da ya ratsa garin Marwa a Kamaru, da rani, ki ga yadda ledojinsu suka cika yashi, awaki na ja. Abin yana ci mini rai.

Na yadi kuwa, dozin biyu na farin auduga sun raini 'ya'yana biyu. Wahalarsa ruwa. Ranar da famfo ya ɗauke, sai kin sayi jarka wurin mai kura, ga wanki safe da yamma. Amma rana tana tare da mu: a watan Afrilu, da zafi ke wuce digiri 40, kafin ki gama tuƙa tuwo shanya ta bushe ƙarau, tabon ma ya kau. A Agusta ne ake shan fama.

Ki kakkaɓe kashin a masai, ki jiƙa a ruwan sanyi tukuna, don ruwan zafi kama tabo yake yi. Sabulun sanda ya isa. Ɗauraya sau uku, 'yar'uwa, ragowar sabulu da zabel (ruwan bilic) ne ke saɓe fatar yaro. Wandon roba ma kada ya wuni jikinsa.

Pampers ta fi riƙe fitsari, ba musu. Ita nake ɗaura masa da dare, da ranar tafiya Garwa a mota.