Sharhi kan akwatin shim na 7.48mm da na yi setin bawul da shi

Gaskiya akwatin nan ya biya ni, amma sai mutum ya san abin da yake saye. Shim 'yan ƙananan faifan ƙarfe ne da ake daidaita gibin bawul da su, bawul kuma su ne ƙofofin shigar mai da fitar hayaƙi a inji. Na cikin akwatin faɗinsu 7.48mm ne, kaurinsu ya fara daga 1.20mm har 3.50mm, kowane kauri guda uku-uku, tazarar su 0.05. Injin babur ɗina irin wanda shim ke ƙarƙashin bokiti ne (hular ƙarfen da ke kife a kan bawul), wato dole sai ka cire kamshaf, sandar da ke danna bawul, kafin ka kai gare shi, to ka ga ba aikin da za ka buɗe inji ka zauna jiran a kawo maka ƙwaya ɗaya ba ne, amfanin akwatin ke nan.

Babur ɗin ya fara wuyar tashi, ga shi ba ƙara ba komai, kuma wallahi shirun nan ya fi tsorata ni, don bawul na ci gaba da nutsewa cikin mazauninsa ne gibin da ke tsakanin kamshaf da bokiti yana tsukewa, in aka ƙyale shi ya daina rufewa sosai ya ƙone. Na bar injin ya kwana ya huce, na kawo fistin sama daidai maki, na zura filagejin, siririn ƙarfen auna gibi. Gibin wani bawul na salansa 0.12mm ya ba ni, ina neman 0.22, tsohon shim 1.85, sai na rage 0.10 na sa 1.75, ya zauna cif.

Abin da ya burge ni, duk wanda na auna da maikuromita, ma'aunin kauri, ya yi daidai da lambar da ke jikinsa. Tsofaffin kuwa lambar ta goge, kar ma ka yarda da ido, ka auna.

Inda na ji haushi tazarar 0.05 ɗin nan ce, wani lokaci 0.025 kake buƙata ka faɗa tsakiya, babu, sai dai ka karkata wajen sakewa kaɗan, ni hakan na zaɓa tunda dama tsukewa yake yi. Sannan uku-ukun nan ya yi kaɗan in bawul huɗu suka nemi kauri ɗaya, ga manyan na wajen 3.00 zube ba ranar amfaninsu.

In za ka cire kamshaf, ka toshe ramin taimin cen, wato sarƙar da ke juya shi, da tsumma, ka ɗaure sarƙar da waya, bokitin kuma maganaɗisu ke ɗago shi, shim ɗin yakan biyo shi a manne a ciki. Yanzu bugu ɗaya babur ke tashi.